Ciwon 'Ya Mace Na Ƙungiyar Malamai Ne



Duk wanda ya halarci taron reshenmu na ƙarshen watan jiya ya ga yadda aka tashi baram-baram a kan wata takarda mai shafi uku. Gamayyar ƙungiyoyin mata ta jiharmu ce ta aiko da ita, tana neman reshen malamai ya sa hannu kafin a miƙa ta ga Majalisar Dokokin Jiha ranar da za a saurari ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗin baɗi. Tun sakatare bai gama karantawa ba aka fara ƙunƙuni daga bayan ɗaki. Wani babban malami, wanda dukkanmu muke ganin girmansa, ya miƙe ya ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mu kuwa ƙungiyar ƙwadago ce, saboda haka mu tsaya a kan albashi da ariyas da ƙarin girma. Aka yi masa tafi. Da shugaba ya ga hayaniya na neman yin yawa, sai ya ɗage maganar zuwa taro na gaba. Mu da muke goyon bayan a sa hannu mun ga ya wajaba mu kawo hujjojinmu a rubuce tun kafin ranar, domin waɗanda ba su zo ba su ji, iyalanmu kuma su san abin da ake shirin yankewa a kansu.

Buƙatu biyar ne a cikin takardar. Na farko, kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti ɗaya da ke aiki dare da rana, da ƙwararriyar ungozoma da wuta da ruwa. Na biyu, awon ciki da haihuwa da tiyatar haihuwa su zama kyauta a aikace, har da jini da magani. Na uku, hutun haihuwa na wata shida da cikakken albashi ga ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Na huɗu, asusun taimakekeniyar lafiya ya riƙa bayyana abin da ya karɓa da abin da ya kashe, ya kuma shigar da matan da mazansu suka rasu da marayu da marasa galihu. Na biyar, kowace makaranta ta samu banɗakin 'yan mata dabam, da ruwa, da tanadin audugar mata. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Muna roƙon masu adawa su ɗauki buƙatun ɗaya bayan ɗaya, su nuna mana wadda ba ta shiga gidan malami ko ajinsa ba.

Shekara biyu ke nan da muka rasa wata abokiyar aikinmu, malamar aji uku a wata makaranta ta bayan gari. Naƙuda ta kama ta da tsakar dare. Aka kai ta ƙaramin asibitin unguwa, aka tarar da kwaɗo a ƙofa, domin ma'aikaciyar da ke wurin ita kaɗai ce, kuma ba ta kwana. Aka koma gida, ta haihu a hannun tsohuwa, jini ya ɓalle. Kafin a samu mai adaidaita sahu, kafin a isa babban asibiti, kafin mijinta ya gama zagayen neman ledar jini da safar hannu da allurar da aka rubuta masa ya sayo a waje, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta da rahama. Washegari reshen nan ya yi abin da ya saba, kuma ya yi shi da sauri: aka zagaya da takarda, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, aka kai kuɗin ta'aziyya. Ba wanda ya miƙe a ranar ya ce wannan harkar mata ce. Ɗalibanta kuwa aka haɗe su da wani aji har ƙarshen zango, yara suna zaune har bakin ƙofa. Ashe ƙungiya tana da hurumin tara kuɗin likkafani, amma ba ta da hurumin neman a buɗe ƙofar asibitin da dare?

Mun yarda da ƙaddara, kuma kowa da kwanansa. Amma wanda ya hukunta ajali shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma abin da ya faru da malamar nan yana faruwa da dubbai. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fi haka muni: a 2020 kaɗai, mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a faɗin duniya. Binciken na 2018 ya kuma nuna cewa a ƙasar baki ɗaya haihuwa 39 cikin 100 ce ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kusan 16 cikin 100. Mu malaman lissafi ne, ba ma buƙatar a fassara mana waɗannan alƙaluma. A cikinsu akwai iyayen yaran da muke kira a rajista kowace safiya, akwai matanmu da ƙannenmu, akwai malamai masu katin ƙungiyar nan.

Masana lafiya sun daɗe da gano cewa jinkiri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Abubuwan da ke kashe ta ma sanannu ne, zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda da shigar ƙwayoyin cuta, kuma kowannensu yana da maganin da bai fi ƙarfin gwamnati ba. A 2023 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa. Wata leda mai awo ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, domin a ga yawan jinin da ta zubar tun da wuri, sannan a haɗa mata magunguna da tausar mahaifa da ƙarin ruwa a lokaci guda maimakon a riƙa gwada su ɗaya-ɗaya. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Ilimin yana nan, 'yar Arewa ma tana cikin waɗanda suka samar da shi. Abin da ya rage shi ne ungozomar da za ta kwana a asibiti, da ledar, da firijin ajiye allura, da wutar da za ta riƙe firijin. Wannan aikin kasafin kuɗi ne, kuma a kan kasafin kuɗi matan nan suke magana.

Sai mu dawo kan hujjar babban malaminmu, cewa mu tsaya a kan albashi. Madalla, mu tsaya a kansa. Amma albashin nan ina yake tafiya? Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Mun yi fafutuka aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a watan Yulin 2024, kuma har yau akwai malaman firamare da ba su gan shi a cike ba. Ko da an biya shi cif, kowa a cikinmu ya san malamin da tiyatar haihuwa guda ta cinye masa albashin wata biyu ko uku, ya sayar da babur, ya kwashi adashi tun kafin kwasarsa ta zo. Duk Nairar da gwamnati ta ɗauke wa malami a ɗakin haihuwa ƙarin albashi ce, kuma ƙari ne da ba ya jiran takardar ƙarin girma. Ƙungiyar da ke yaƙin abin da zai shiga aljihun ɗanta, ta kau da kai daga ramin da ke ƙasan aljihun, tana zuba ruwa ne a kwando.

Bayan haka, a duba takardar albashi. Kowane wata ana yankar mana wani kaso da sunan taimakekeniyar lafiya, tun kafin kuɗin su iso hannunmu. Nawa ne a cikinmu suka je da kati, aka duba su, sannan aka ce maganin ya ƙare, su je kyamis su saya? Kuɗinmu ne, guminmu ne. Matan nan sun nemi a riƙa bayyana abin da asusun ya karɓa da abin da ya kashe. Tun da daɗewa ya kamata a ce daga bakin ƙungiyarmu wannan buƙata ta fito. Abin kunya ne a ce wasu sun riga mu nema, abin da ya fi shi kunya kuwa shi ne su miƙo mana alƙalami mu ƙi karɓa.

Wasu sun ce gwamnati ba ta da kuɗi, kuma in ta ba asibiti to daga ariyas ɗinmu za ta cira. Wannan ita ce maganar da kowace gwamnati ke so ta ji talakawa suna faɗa wa junansu. Mafi yawan abin da takardar ta nema an riga an yi alkawarinsa, wani ma yana cikin doka. A watan Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Wasu jihohi sun kai a takarda, sai dai rubutawa dabam, sakin kuɗin dabam. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Sashe na 20 na dokar ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ko da wane dalili. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata mabuƙata. Bashi ne matan nan suke bi, kuma mu malamai mun fi kowa sanin zafin bin gwamnati bashi.

Mun kuma san yadda irin wannan kuɗi ke maƙalewa a hanya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka. Shekara da shekaru biliyoyin Naira suna kwance a Abuja saboda jihohi sun ƙi kawo nasu, alhali yaranmu suna zaune a ƙasa, rufin aji yana yoyo. Asusun lafiya ma akwai kason da doka ta ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi. Makarantar firamare da ƙaramin asibiti uwa ɗaya uba ɗaya suke: dukansu a ƙarƙashin ƙaramar hukuma suka taso, dukansu su ne na ƙarshe a wajen rabo, kuma sau da yawa katanga ɗaya ce ta raba su. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, tambayar wa zai sa ido a kan kuɗin nan ta zama tamu da ta ma'aikatan lafiya da ta iyaye mata gaba ɗaya. Malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi. Ranar da irin wannan ta same mu, waɗanda za su faɗa wa gwamnati cewa malamai na da gaskiya su ne iyayen yaran. In muka juya musu baya yau, da wace fuska za mu ƙwanƙwasa ƙofarsu gobe? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma maganar da ba a faɗa da ƙarfi a taron ba, amma an yi ta raɗa a waje, wai irin waɗannan ƙungiyoyi Turawa ne ke turo su domin su ɓata mana tarbiyya. Wanda ya ga abin da ya saɓa wa addini ko al'ada a cikin buƙatun nan biyar, ya karanto mana shi a gaban kowa. Ungozoma ce ta saɓa, ko banɗaki mai ƙofa domin 'yar shekara goma sha biyu ta suturta kanta? Mata masu tsayawa kan al'amuran 'yan uwansu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajinta suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, suna kula da marasa lafiya da mabuƙata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan 'yancin talaka da na mata, yau ga babban asibiti a Zariya yana ɗauke da sunanta. Tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, FOMWAN, a Minna aka kafa ta a 1985, kuma ta gina makarantu da asibitoci a jihohi da dama. Mu muke koyar da wannan tarihi a aji, bai kamata mu manta da shi a ɗakin taro ba. In kuma ana mamakin abin da ya sa mata ke bin ƙungiyoyi suna neman sa hannu, a duba majalisa. Mata 4 ne a cikin sanatoci 109 na majalisa ta goma, kuma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. Wanda ba shi da kujera a ciki, dole ya nemi mai ɗaga masa murya daga waje.

Hujja ɗaya ce daga ɓangaren masu adawa muke ganin tana da nauyi, kuma ba za mu tsallake ta ba. Shugabannin makarantu sun tambaya: in malama ta tafi hutun wata shida, wa zai riƙe ajinta? Tambaya ce ta gaskiya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, mu kuwa akwai masu fuskantar ninki biyu ko uku na wannan kowace safiya. Sai dai mu duba abin da ke faruwa yanzu. Malama tana dawowa jikinta bai gama warwarewa ba, da jariri a goye ko a kwance kan tabarma a lungun aji cikin ƙurar alli, ko kuma ta taho da 'yar raino wadda ita kanta ya kamata a ce tana aji. Likitoci suna cewa a shayar da jariri nono zalla har wata shida, gwamnati tana biyan kuɗin tallar haka a rediyo, sannan ita gwamnatin ta kira uwar bakin aiki tun wa'adin bai cika ba. Ba mamaki binciken 2018 ya samu jarirai 29 cikin 100 kaɗai ake shayarwa haka. Jihar Legas ta ba da hutun wata shida tun 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019, kuma makarantunsu ba su rufe ba. Gwamnatin tarayya tana ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa, a 2021 kuma ta amince da hutun kwana 14 ga maza.

Amsar tambayar shugabannin makarantu tana zaune a gidajenmu. Ƙannenmu da 'ya'yanmu nawa ne suka gama kwalejin ilimi, suna riƙe da takardar NCE, suna sayar da katin waya ko suna zaman jiran tsammani? A ɗauki wasunsu a matsayin malaman riƙo, kowace ƙaramar hukuma da jerin sunayenta, a biya su daga kasafi, a kuma sa su a gaba ranar ɗaukar aiki na dindindin. Takardar matan ba ta kawo wannan ba, domin su ba a aji suke ba. Mu ne muka san aji, kuma wannan gyara sai mun zauna a teburin za mu iya shigar da shi. Haka nan ba ta ambaci malaman makarantun kuɗi ba, waɗanda da yawansu haihuwa ke zame musu takardar sallama. Wannan ma mu ya kamata mu ƙara.

Buƙata ta biyar kuwa, da kanmu ya kamata mu rubuta ta. Duk malamin aji biyar da aji shida ya san yarinyar da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu kowane wata, ya san dalili, ya yi shiru ya sa mata alamar rashin zuwa. Ya san makarantar da ɗalibai ɗaruruwa ke layi a kan rami ɗaya marar ƙofa, malamai mata kuma suna roƙon shiga gidajen maƙwabta. Yarinyar da ta saba fashi a aji shida, da wuya ta kai ƙarshen ƙaramar sakandare. In ba ta gama ba, daga ina za a samo ungozoma da ma'aikaciyar jinya da likita mace, waɗanda mu ɗin nan muke cewa su muke so su duba matanmu?

Maza a cikinmu kuma akwai wani abu da ya rage namu, wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Jinkirin farko, na yanke shawarar tafiya asibiti, a hannun maigida yake. Malamin da aka tura ƙauye mai nisa, ya bar izini a gida tun kafin ya tafi, ya tanadi lambar mai mota, ya san rukunin jinin matarsa da wanda zai iya ba ta. Ya kuma faɗi haka a majalisa da masallaci da coci, domin har gobe ana jin maganar malam a ƙauye.

Saboda haka ga abin da za mu gabatar a taro mai zuwa. Reshe ya sa hannu a takardar. Ya haɗa da ƙarin buƙatu biyu, na malaman riƙo da na malaman makarantun kuɗi. Ya tura wakilai huɗu, biyu maza biyu mata, su zauna tare da gamayyar ranar sauraron ra'ayin jama'a. Ya kuma rubuta wa uwar ƙungiya ta jiha yana neman ta buƙaci bayanin kuɗin da ake yankar mana na lafiya, a karanta shi a gaban kowane reshe. Muna kira ga malamai mata musamman, waɗanda suka fi kowa yawa a makarantunmu na cikin gari amma suka fi kowa ƙaranci a taro, da su zo su yi magana da bakinsu. Babban malaminmu ma muna roƙonsa ya zo, ya sake karanta takardar a natse, domin mun san shi mai karɓar gaskiya ne in ta bayyana, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar abokiyar aikinmu.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a ɗakin taro.